Ibnu Baɗɗuɗa: Matafiyin Da Ya Rayu Tsakanin Zawiya Da Fada

 

Ƴan uwa, duk wanda ya yi darasin tarihi a makarantar boko ya ji sunan Ibnu Baɗɗuɗa, wanda littattafan Turawa ke rubutawa Ibn Battuta. Galibi akan ambace shi tare da Marko Polo, bafataken birnin Banis na Italiya da ya kai ƙasar Sin ya kuma rasu a 1324. Sai a auna tafiyar kowannensu, a ce ta Ibnu Baɗɗuɗa ta kusa kilomita 120,000, ta wuce ta ɗan Italiyan nesa ba kusa ba. A nan darasin yakan tsaya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa ya ciyar da shi duk tsawon wannan lokaci. Marko Polo ya fita ne tare da mahaifinsa da baffansa, ƴan kasuwa masu jari da sanin hanya. Shi kuwa wannan saurayi ya bar gida shi kaɗai, ba haja ba abokin tafiya, ya yi kusan shekara talatin yana yawo tsakanin Magrib da Sin da ƙasar baƙar fata. Ayarin fatake ne ya riƙa ɗaukarsa, zawiyoyin mutanen Allah kuma suka riƙa ba shi masauki da abinci. Tsakanin waɗannan zawiyoyi da fadojin sarakuna zuciyarsa ta yi ta kai da kawo har ya manyanta, kuma a kan wannan kai-kawon nake ganin ya kamata muridi ya tsaya ya duba da kyau.

Sunansa Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Abdullahi. An haife shi a Tanja, bakin teku a arewacin Maroko, ranar 17 ga Rajab shekara ta 703 bayan hijira, wato Fabrairun 1304. Gidansu gidan alƙalai ne na mazhabar Malikiyya, asalinsu Barbar na ƙabilar Lawata. Ranar 2 ga Rajab 725, cikin watan Yunin 1325, yana ɗan shekara 21, ya yi sallama da iyayensa da niyyar hajji da ziyarar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Bai sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Farkon tafiyar ba ta yi daɗi ba. Zazzaɓi ya kama shi a hanya, har sai da ya ɗaure kansa a kan sirdi da rawaninsa don kada ya faɗo. Da suka iso Tunis mutanen gari suka fito tarbar ayari, kowa yana rungumar nasa, shi babu wanda ya ko yi masa sannu. Ya fashe da kuka, sai wani alhaji ya lura da shi ya zo ya lallashe shi. Amma kafin su bar garin, ayarin alhazai ya naɗa shi alƙalinsa. Ɗan karatun fiƙihun da ya taso da shi a gida shi ne jarinsa, kuma da shi ya ci abinci har Indiya.

A Iskandariyya ta Masar ne aka juya masa akala. Ya sauka kwana uku wajen wani bawan Allah mai zuhudu, Shehu Burhanuddini al-A'araj, wato gurgu. Shehin ya gaya masa ya hango son yawo a tare da shi, sannan ya ba shi saƙon gaisuwa zuwa ga ƴan uwansa uku a tafarkin Allah: Fariduddini a Indiya, Rukunuddini a Sindi, da wani Burhanuddini a Sin. A lokacin saurayin bai taɓa kawo waɗannan ƙasashe a ransa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ya ziyarci Shehu Abu Abdullahi al-Murshidi a zawiyarsa kusa da garin Fuwwa. Ya kwana a saman soron zawiyar, ya yi mafarkin wani ƙaton tsuntsu ya ɗauke shi a kan fiffikensa, ya nufi alƙibla, ya bi ta Yaman, ya nausa gabas mai nisa, ya sauke shi a wata ƙasa mai duhun ciyayi. Da gari ya waye, shehin ne ya fara tayar masa da zancen mafarkin tun bai buɗe baki ba. Ya fassara masa shi da hajji da doguwar tafiya, ya ƙara da cewa a Indiya zai gamu da wani ɗan uwansa mai suna Dilshad wanda zai fisshe shi daga wata wahala. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu dawo gare shi.

A Iskandariyyar dai ya gana da Shehu Yaƙutu al-Habashi, almajirin Abul Abbasi al-Mursi, shi kuma almajirin Shehu Abul Hasani Shazali, Allah ya ƙara musu yarda. Ta wannan haɗuwa ce Hizbul Bahri ya shiga littafinsa, ya kawo shi a cike. Da ya bi kogin Nilu zuwa kudu don ya ƙetare Bahar Maliya ta Aizab, ya tsaya a Humaisara inda kabarin Shazali yake. Wani sharifi a garin Hu ya riga ya gaya masa cewa hajjinsa na farko ta hanyar Sham zai yi shi, bai ɗauki maganar da nauyi ba. Da ya isa Aizab ya tarar ana yaƙi tsakanin mutanen Beja da sojojin Masar, an lalata jiragen ruwa. Dole ya juyo Alƙahira, ya kama hanyar Sham.

A Ƙudus ya karɓi hirƙa, wato rigar da shehi kan tufatar da mai neman shiga tafarki. A Dimashƙa, cikin azumin 726, ya zauna gaban malaman hadisi ya karɓi ijazoji, ya kuma ga yadda waƙafi ke riƙe da gari: akwai na masu son hajji da ba su da hali, na kayan ɗakin ƴan mata marasa galihu, na fansar fursunoni, na matafiya, na gyaran tituna. Wata rana ya ga wani yaro bawa ya fasa farantin tangaran na ubangidansa, mutane suka taru, wani ya sa shi ya tsince gutsattsarin ya kai shi wurin mai kula da waƙafin kwanoni, aka ba shi kuɗin sabo. Wanda ya kafa wannan waƙafi ya yi tunanin dukan da yaron zai sha da karayar zuciyarsa. Duk lokacin da na karanta wannan wuri nakan tuna yawan almajiran da ke kwana a tashoshinmu.

Ya yi hajji a ƙarshen 1326. Da buƙatarsa hajji ce kawai, da daga nan sai gida. Sai ya bi ayarin Iraƙi. Daga Wasiɗ ya ratse zuwa Ummu Ubaida, ya ziyarci kabarin Shehu Ahmadu Rifa'i, ya ga babbar zawiya mai ɗauke da dubban faƙirai, ya ga wasunsu suna shiga cikin garwashi a halin zikiri. A Isfahan, a 727, Shehu Ƙuɗbuddini Husaini ya tufatar da shi a silsilar Suhrawardiyya. Amma haɗuwar da ta fi bayyana mana ko wane ne shi ita ce ta Abadan, kusa da bakin tekun Farisa. An ba shi labarin wani mai ibada da ke zaune shi kaɗai, ba ya cin komai sai kifin da ya kama da hannunsa. Ya neme shi har ya same shi yana salla a wani rusasshen masallaci. Mutumin ya kama hannunsa ya roƙa masa Allah ya cika masa burinsa na duniya da lahira, daga baya kuma ya aika masa da kifi. A daren nan Ibnu Baɗɗuɗa ya ji yana son ya ƙare rayuwarsa yana yi wa wannan bawan Allah hidima. Shi da kansa ya faɗa cewa ransa mai naci ne ya hana shi. Washegari ya hau jirgi.

Shekarun da suka biyo baya sai mu taƙaita su. Ya zauna a Makka yana karatu da ibada, ya gangara Yaman, ya ƙetara zuwa Zaila da Mukdishu da Mombasa da Kilwa a gaɓar gabashin Afirka, ya dawo ta Oman, ya sake hajji, sannan ya shiga ƙasar da yau ake kira Turkiyya. A can ya tarar da wani abu da ya ce bai ga irinsa ba. Kusan kowane gari akwai ƙungiyar samari masu sana'ar hannu da ake kira Ahi, suna da zawiyarsu da shugabansu. Da rana kowa yana wurin sana'arsa, da la'asar su kawo abin da suka samu a sayi abinci da ƴaƴan itace, idan akwai baƙo a garin shi ne nasu. A Antaliya wani saurayi mai tsummokara ya gayyace shi cin abinci, Ibnu Baɗɗuɗa ya ji nauyin ɗora wa talaka wahala, sai aka yi dariya aka sanar da shi cewa wannan baduku ne, kuma shugaban masu sana'a kusan ɗari biyu. A wani gari ƙungiyoyi biyu suka riƙe linzamin dawakinsu har aka zare wuƙaƙe, shi yana zaton ƴan fashi ne, ashe rigimar a kan wa zai sauke baƙin ce. Sai da aka jefa ƙuri'a.

Wannan shi ne amsar tambayar da muka fara da ita. Mutum zai iya tashi daga Tanja ya kai Indiya aljihunsa ba nauyi, saboda a kowane zango akwai ƙofar da ba a rufewa, kuma masu riƙe da ita galibi mutanen zikiri ne. Masu cewa sufaye ba su tsinana wa al'umma komai ba sai girgiza kai, ya kamata su karanta wannan littafi su ƙirga zawiyoyin da ke cikinsa.

Daga Turkiyya ya ƙetara Bahar Aswad zuwa ƙasar Sarki Uzbak, ya raka ɗaya daga matan sarkin zuwa Kustantiniyya, ya dawo ya bi ta Buhara da Samarƙand da duwatsun Hindu Kush. Ya iso kogin Sindi a farkon Muharram 734, cikin Satumban 1333. A Multan ya isar da gaisuwa ga Shehu Rukunuddini, a Ajudahan kuma ya kai ta gidan Shehu Fariduddini. Sai dai mutumin da ya kai wannan saƙo ya riga ya canja. Yanzu yana da dawaki da bayi da ƙwaraƙwarai, kuma ya shiga hannun fatake. Al'adar wurin ita ce ƴan kasuwa su ba baƙo mai neman shiga fada bashin dubban dinari, su saya masa kyautar da zai kai wa sarki, su tsaya a gabansa kamar barori, don sun san sarki zai mayar masa da ninkin abin da ya kawo, su kuma su ci ribarsu. Haka ya karɓi dawaki kusan talatin da raƙumi ɗauke da kibau daga hannun wani bafatake ɗan Iraƙi.

Sarkin Delhi a lokacin shi ne Muhammadu ɗan Tugluƙ, mutum mai kyautar da ta wuce hankali da zubar da jinin da ya wuce hankali. Ya naɗa Ibnu Baɗɗuɗa alƙalin Malikiyya na birnin, da albashin dinari 12,000 a shekara, ya ba shi mataimaka biyu tunda mutanen ƙasar Hanafawa ne kuma harshensu bai zauna masa ba. Duk da haka bashi ya yi masa katutu har dinari 55,000, sai da ya tsara wa sarki ƙasidar yabo kafin a biya masa. An kuma ba shi kula da hubbaren Sarki Ƙuɗbuddini, kuma a lokacin wata yunwa mai tsanani ya ciyar da mutane daga dukiyar wurin. Wannan yana cikin ayyukansa na alheri, kada a manta masa da shi.

A gefen birnin akwai wani shehi, Shihabuddini, da ya haƙa kogo ya mai da shi gida, ya ƙaurace wa fada. Sarki ya aika a kira shi, ya ƙi zuwa, ya kuma bayyana a fili cewa ba zai yi wa azzalumi aiki ba. Aka kamo shi, aka nemi ya janye, ya ƙi, aka azabtar da shi. Sarki ya sa aka tambayi ƴaƴansa su wa ke ziyartar mahaifinsu, sai ga sunan alƙalin Malikiyya a ciki. Nan take aka sa bayi huɗu su tsare shi, kuma kowa a Delhi ya san wanda aka yi wa haka da wuya ya tsira. Ranar Juma'a ce. Ya lazimci hasbala har ƙafa 33,000 a wannan rana, ya yi azumin kwana biyar a jere ba ya buɗe baki sai da ruwa, kullum yana sauke Alƙur'ani. Ya ci abinci, ya ƙara kwana huɗu. Aka kashe Shehu Shihabuddini, Allah ya karɓi shahadarsa, shi kuma aka sake shi.

Bayan wannan ya ajiye alƙalanci. Ya rabar da abin da ya mallaka, ya ba wani faƙiri tufafinsa ya karɓi nasa, ya tare wajen Shehu Kamaluddini Abdullahi al-Gari, wanda shi ma a kogo yake zaune. Wata biyar ya yi yana yi masa hidima. Shehin yakan haɗa azumin kwana goma, wani lokaci ashirin. Sabon muridin ya so ya yi koyi da shi, shehin ya hana shi, ya umarce shi ya tausasa wa kansa. Duk wanda ya zauna gaban shehin tarbiyya ya san wannan hani, domin zafin farawa ba ya nuna nisan da mutum zai kai. Sarki ya ji labari ya kira shi zuwa Sindi, ya je masa da shigar faƙirai, ya ƙi komawa aiki, ya nemi izinin tafiya hajji aka ba shi. Ya shiga halwa ta kwana arba'in a wata zawiya. Da kwanakin suka cika, sai ga aike daga fada: dawaki da sirdinsu, bayi maza da mata, riguna, da kuɗin kashewa. Ya sa rigunan ya tafi. Sarki ya gaya masa ya san son tafiyarsa, don haka zai tura shi jakada zuwa ga sarkin Sin. Ya karɓa.

Abu ne mai sauƙi a zauna a inuwa a ce ya gaza. Ni dai ban ga wanda ya isa ya yi masa dariya ba, balle mu da ke jami'a muna zuwa zikirin Juma'a da rabin zuciya, ɗaya rabin yana kan takardar kammala karatu da aikin da za ta kawo. Sarkin ya san inda zai kama shi. Da muƙami kaɗai ya miƙa masa wataƙila da ya sake ƙi, sai ya miƙa masa hanya. Akwai kuma wani ɗan abu da ya ambata wanda ya fi dukan labarin taɓa ni. Yana da wata shuɗiyar riga ta auduga mai shafi da ya riƙa sawa a halwar. Da ya tuɓe ta ya sa ta sarki, ransa ya zarge shi. Bai yar da ita ba, ya adana ta cikin kayansa, kuma duk lokacin da ya dube ta yakan ji wani haske a zuciyarsa.

Jakadancin bai yi albarka ba. Kwanaki kaɗan da barin Delhi, kusa da garin Kowil, ƴan tawaye suka kama shi suka tuɓe shi, da ƙyar aka sake shi. Ya yi kwana bakwai yana gararamba a daji da kangayen ƙauyuka. A rana ta takwas yana bakin wata rijiya yana ƙoƙarin ɗebo ruwa da takalminsa, sai ga wani baƙin mutum da buta da sanda. Ya yi masa sallama, ya ɗebo masa ruwa, ya ba shi soyayyen wake da shinkafa. Ya tambaye shi sunansa, ya faɗa masa wani suna na Larabci mai ma'anar zuciya mai farin ciki. Da ƙafafun Ibnu Baɗɗuɗa suka kasa, mutumin ya saɓa shi a wuya ya sa shi ya riƙa hasbala har barci ya kwashe shi. Ya farka kusa da wani ƙauye mai hakimi musulmi, mutumin kuwa babu shi babu alamarsa. Sai daga baya ya tuna cewa ma'anar wannan suna da Farisanci ita ce Dilshad.

A tashar Kalikut aka loda kyautar sarki a babban jirgin Sin. Shi ya nemi a mayar da nasa kayan wani ƙaramin jirgi don ya sami ɗakin da zai keɓe da ƙwaraƙwaransa, ya tsaya a tudu don sallar Juma'a. Guguwa ta taso ta farfasa babban jirgin, abokan jakadancinsa suka mutu, ƙaramin kuma ya ɗaga ya tafi da duk abin da ya mallaka. Aka bar shi a bakin teku da dinari goma da darduma ɗaya. Tsoron sarki ya hana shi komawa Delhi. Ya ƙarasa tsibiran Maldib, aka sake naɗa shi alƙali, ya auri mata huɗu, ya tsananta a kan sallar Juma'a, ya yi fama da matan wurin su rufe jikinsu bai ci nasara ba. A nan ya ga inda wuri yake fitowa, ana sayar da 400,000 a dinari ɗaya, wurin da daga baya ya tarar ana canjinsa 1,150 a dinari a Mali da Gawo. Wannan wurin ne ya zama kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarnonin baya. A hanyar fita ya ga wani ɗan tsibiri mai gida ɗaya tak, na wani masaƙi da matarsa da ƴaƴansa da ƴan itatuwan kwakwa da ƙaramin kwalekwale. Ya yi sha'awar a ce tsibirin nasa ne ya keɓe a ciki har mutuwa ta zo. Wannan karon ma jirgi ya hau. Ba da daɗewa ba, bayan ya ziyarci dutsen Annabi Adamu a Sarandib, ƴan fashin teku suka tare shi suka bar shi da wando kaɗai. Cikin abin da suka kwashe har da kyaututtukan da waliyyai suka ba shi, da shuɗiyar rigar nan.

Ya je Bangala ya hau duwatsu don ziyartar Shehu Jalaluddini a yankin Silhet, ya bi ta Sumatara ya isa tashar Zaitun a Sin. Ƙasar ta burge idonsa amma ta ƙuntata zuciyarsa saboda rinjayen kafirci. A wani birni ya haɗu da wani attajiri malami, al-Bushri, mutumin Sabta, maƙwabciyar Tanja, suka rungumi juna suna kuka. Bayan ƴan shekaru, a Sijilmasa bakin Sahara, gidan ɗan uwan wannan mutumin ya sauka. Gida ɗaya, ɗa guda a Sin, ɗa guda a ƙofar ƙasar baƙar fata: haka fataucin musulmi ya kai a wancan zamani.

Dawowarsa ta zo daidai da babbar annoba. A Dimashƙa a 1348 ya ga mutane sun yi azumin kwana uku, sun kwana a babban masallaci, da asuba suka fita ba takalmi riƙe da Alƙur'anai, Yahudawa da Attaura, Nasara da Linjila, mata da yara, kowa na kuka yana roƙon Allah. A nan ya ji mahaifinsa ya rasu tun shekara goma sha biyar da suka wuce. Ya sake hajji, ya nufi gida, a hanya ya ji annobar ta ɗauke mahaifiyarsa. Ya isa Fas a ƙarshen 1349, ya ziyarci kabarinta a Tanja, ya leƙa Andalus.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta shafe mu. A farkon Muharram 753, Fabrairun 1352, ya bar Sijilmasa cikin ayarin fatake. Bayan kwana 25 suka isa Tagaza, inda gidaje da masallaci duk da allunan gishiri aka gina su, rufin kuma fatun raƙuma. Wata biyu cur suka yi kafin Walata. A nan halin wanda fada ta sangarta ya fito fili. An karrama shi da ƙwaryar gero da aka dama da zuma da nono, ya raina. A birnin Mali Mansa Sulaimanu, ɗan uwan Mansa Musa, ya aika masa da gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono, ya yi dariya. Mutumin da ya yi murna da kifi ɗaya a Abadan yanzu yana auna karamci da awon Delhi. Duk da haka ya yi wa mutanen shaidar da har yau muke alfahari da ita: ƙin zalunci, amincin hanya, rashin taɓa dukiyar baƙon da ya mutu a cikinsu, cikar masallaci ranar Juma'a har sai mutum ya aika yaro da darduma ya kama masa wuri, fararen tufafi, da tsananin kula da haddar Alƙur'ani ga yara.

Daga Tumbutu ya bi kogi zuwa Gawo, daga can ya shiga ayarin mutanen Gadamas zuwa Takadda, wadda masu binciken kufai ke dangantawa da Azelik, arewa da Ingal a jihar Agadas. Ya iso da rashin lafiya. Ya ga gidajen jan dutse, da ruwan da ya canja launi da ɗanɗano saboda tagulla, da mutanen da ba su da sana'a sai fatauci, kowace shekara suna zuwa Masar. Ana narka tagullar a gida a yi ta sanduna, masu kauri 400 a miskalin zinariya, sirara 600 zuwa 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen hatsi da man shanu da bayi. Ya ce ana kai ta Barno, tafiyar kwana arba'in, inda Sarki Idrisu ke mulki, da wata ƙasa Kubar, wadda masana tarihi ke karantawa Gobir. Wannan yana cikin ambaton Gobir mafi tsufa a rubuce. Ya ziyarci sarkin wurin, Izar, a zangonsa, aka ba shi taguwa da miskali goma. Kimanin shekara 140 bayan haka Shehu Magili ya sauka a wannan Takaddar kafin ya wuce Kano. A nan saƙon Sarkin Fas Abu Inan ya riske shi cewa ya koma. Ya tashi a Sha'aban 754, Satumban 1353, ta Abzin da Tuwat, cikin ayarin da ke ɗauke da bayi mata kusan 600. Ya faɗi wannan adadi bai nuna ya dame shi ba, shi ma ya sayi baiwa a garin. Mu da muke zaune a ƙasar da aka kwaso irin waɗannan mata bai kamata mu tsallake wannan layi ba.

A Fas sarki ya haɗa shi da wani marubuci ɗan Andalus, Ibnu Juzayyi, ya riƙa yi masa shifta. Aka gama a ƙarshen 756, Disamban 1355, aka sa wa littafin suna Tuhfatun Nuzzar, amma an fi saninsa da Rihla. Da ka ya ba da labarin bayan shekaru masu yawa, marubucin kuma ya cike wasu wurare da bayanin Ibnu Jubairu, don haka akwai tuntuɓe a ciki. Masana suna tantamar isarsa babban birnin Sin. Haka nan abin da ya ce ya gani daga Ibnu Taimiyya a kan mumbarin Dimashƙa bai tsaya ba, domin an tsare malamin tun a Sha'aban 726, shi kuwa a Ramadan ya shigo garin. Ƴan uwa masu kafa hujja da wannan labari a wajen jayayya gara su bar shi, gaskiya ta fi mana. Tun yana raye wasu a fadar Fas suka riƙa raɗa cewa yana ƙari, kuma Ibnu Haldun ya kawo wannan a Muƙaddima, tare da gargaɗin da wani waziri ya yi masa kada ya ƙaryata abu don kawai bai taɓa ganin irinsa ba.

Bai zama shehi ba, bai bar zawiya ko almajirai ba. Mai son waliyyai ne da ya yi ta tsayawa a ƙofarsu yana karɓar addu'a yana wucewa, kuma bai ɓoye mana hakan ba. Ya ƙare rayuwarsa yana alƙalanci a wani gari na Maroko, ya rasu a 770, wajajen 1369. A Tanja akwai ɗan ƙaramin hubbare da ake danganta masa, filin jirgin saman garin ma sunansa yake ɗauke da shi. Lokacin da yake shiftar labarin Abadan, ya ce rabin addu'ar mai kamun kifin ya tabbata, tunda burinsa na duniya yawo ne kuma ya yi shi, saura rabin lahira, wanda yake fata daga rahamar Ubangiji. Allah ya cika masa shi, ya jiƙansa da iyayensa da shehunan da suka sauke shi. Amin.